Akwatin Hamsin da Uku

Ranar Litinin, saura kwana uku a sauke tutar Turawa, na zo buɗe ɗakin hoton Kawu Kiragu sai na tarar da ƙofar baya a buɗe. Ba fasa ta aka yi ba. An ja igiyar sakata ne ta ɗan ramin da ke ƙasan taga, ramin da 'yan gida kaɗai suka sani.

Kyamara tana nan a kan ƙafafunta uku. Kwat ɗin aro da muke sa wa masu ɗaukar hoto yana rataye a ƙusarsa, da agogon hannu da ba ya tafiya, da baƙin takalmi, da rediyon da babu komai a cikinsa. Labulen baya mai zanen jirgin sama da matakalar gidan bene bai ko motsa ba. Sai da na shiga ɗakin duhu na ga giɓi a kan kanta.

Duk hoton da aka ɗauka yana barin gilashinsa, daga gilashin ne ake wanke hoton a takarda. Kawu ba ya zubar da ko ɗaya. Akwati-akwati muke jera su, kowace shekara da nata. Ni ke share musu ƙura, domin tun da aka rufe makarantarmu ina aji huɗu Kawu ya ɗauko ni, ya ga ba na iya kallon baƙo a ido, ya ce to ga aikin da babu mai kallona.

Da Kawu ya iso na faɗa masa.

"Na wace shekara?" ya tambaya.

"Hamsin da uku."

Ya zauna a kujerar da ake zaunar da mutane, ya daɗe yana kallon takalmin aro. Ban taɓa ganinsa a kan kujerar nan ba.

Kafin hantsi kasuwa ta ɗauka. Kowa ya san abin da hamsin da uku take nufi. A shekarar ne aka raba wa 'yan gadin gwamnati bindigogi don su farauci 'yan daji masu yaƙar Turawa, kuma kusan kowannensu sai da ya zo ya tsaya gaban jirgin saman Kawu da bindigarsa. Babana, Gichuhi, yana cikinsu.

Samarin jam'iyya suka cika tsakar gidan baya. Ina jin su ta bango.

"Wa ke tsoron fuskarsa yanzu?"

"Wa ya san igiyar? Ba 'yar Gichuhi ba?"

"Idan akwatin bai fito ba zuwa Alhamis, da jinkar Gichuhi za mu kunna wutar murna."

Na san za su aikata. A watan da ya wuce an yi wa wani haka a ƙetaren kogi, matarsa ba ta fito da komai ba sai tukunya.

Dattawa ba su so a kira 'yan sanda a irin wannan mako ba, sai suka aika a kira Thuita.

Thuita mai cire zuma ne tun yana yaro, babu lungun dutsen nan da bai sani ba. Lokacin dokar ta-ɓaci sojoji suka kama shi suka sa shi gaba, shi ke bi musu sawu. Tun daga nan mutane ba sa gaishe shi sai in akuyarsu ta ɓata. Sunana Nyaguthii, sunan mahaifiyarsa ke nan, don haka Iya yake ce mini.

Ya iso da sandarsa da tsohon bargo a kafaɗa, ya dubi tsakar gidan da samari suka tattake.

"Madalla," ya ce. "Ƙasa ta yi rubutu, kun zo kun goge. Ku ne za ku riƙe ƙasar gata?"

An yi ruwa ranar Lahadi da azahar, lokacin da gari duka yana filin ƙwallo wurin taron jam'iyya. Thuita ya bar tsakar gidan, ya bi ta bayan shinge inda hanyar ƙafa ta ratsa ayaba ta gangara kogi. Na bi shi daga nesa da kofin shayin da Kawu ya ce in kai masa. A gindin wani ɗan tudu ya tsuguna. Ya daɗe. Sannan ya yanko ganyen ayaba ya rufe wurin, ya ɗora dutse.

"Ka ga wani abu, Dattijo?" wani saurayi ya ƙwala daga shinge.

"Na ga kashin kaji."

Ya karɓi kofin ya shanye shayin.

Wurin babana ya fara zuwa. Rumfar shayinsa babu kowa, ƙudaje ne kawai a kan mandazi, fanken garinmu. Na tsaya bayan turken rumfar.

"Sun turo karensu ke nan," in ji babana.

"Kare ya zo gaida bindiga," Thuita ya ce, ya zauna ba tare da an ba shi wuri ba. "Ina kake jiya da azahar?"

"A ɗakina. Ni da taro? In je su nuna ni da baki?"

"Wa ya gan ka?"

"Wa ke zuwa wurina?"

"Hotonka yana cikin akwatin."

"Yana ciki. Da hula, da bel, da murmushi ma, don surukina Kiragu ya ce in yi." Babana ya goge teburin da ba shi da datti. "Da ina son in fasa shi, gilashi ɗaya ne, dutse ɗaya ya ishe shi. Me zan yi da fuskokin mutum ɗari biyu? Tawa ma ta yi mini nauyi."

Thuita ya nuna wani buhun masara a lungu. "Matso mini da wancan, in jingina."

Babana ya harare shi, amma ya sunkuya ya cilla buhun a kafaɗa, ya kawo ya sauke a gabansa. Thuita bai jingina ba. Ya miƙe ya ce mu tafi.

Sai a lokacin babana ya dube ni. "Kin ci abinci?"

Na gyaɗa kai alamar eh. Tun safe ban ci komai ba, shi ma na ga murhunsa babu wuta.

Ranar Talata muka je wurin Wachira. Yana neman kujerar kansila, ya sayi hular fatar biri da wutsiyar korar ƙuda, yana gaya wa kowa yadda ya sha wuya a daji. A hamsin da uku shi ne magatakardan hakimi, kuma ya yi hoto riƙe da littafin da ake rubuta sunayen waɗanda za a kwashe.

"Ranka ya daɗe, jarumin daji," Thuita ya ce. "Wane gefen dajin ne ma? Na manta ban taɓa cin karo da sawunka ba."

"Ka iya bakinka, tsoho."

"Amma na ci karo da shi shekaranjiya. Takalmi mai ƙarfe a dunduniya, bakin ƙofar baya. Ya shiga a hankali, ya fito da gudu."

Wachira ya dubi ƙofa, ya rage murya. Ya ce ya sulale daga taron ne don ya sami Kawu shi kaɗai ya roƙe shi gilashinsa. Ya tarar da ƙofa a buɗe, ya leƙa, ya ga akwatin ba ya nan.

"Ba zan ɓoye maka ba, na ji sanyi a raina. Na ce wani ya yi mini aikin."

"Ka bar Gichuhi ya ɗauki laifin."

"Gichuhi ya saba ɗauka."

"Wa ka gani a hanya?"

"Babu kowa."

"Ko tsuntsu?"

"Na ce babu kowa. Wata mata ce kawai can ƙasa da kayan itace ko me a bayanta. Wa ke kallon su?"

Thuita ya ce, "Haka ne. Wa ke kallon su."

Da la'asar ya kai ni gindin tudun nan ya ɗaga ganyen ayaba.

"Karanta mini, Iya. Ke kin yi makaranta."

Na ga shatin akwati a saman tudun, kusurwa huɗu. Na ga layi biyu siriri sun gangaro daga gefensa. A ƙasa kuma dunduniya biyu sun nutse, yatsun suna kallon hanya, sun ba tudun baya.

"Namiji a kafaɗa yake ɗauka," in ji Thuita, "in ya gaji ya sauke a gabansa, kamar yadda babanki ya yi da buhu. Wannan da baya ta je wa tudun, ta zaunar da kayan, ta sassauta mukwa, igiyar ɗaukar kaya, daga goshinta ta huta. Ga shatin igiyar fatar. Kin taɓa ganin namijin garin nan da mukwa a goshi?"

Ban taɓa gani ba. Ni kaina akwai kwarmin mukwa a kaina tun ina shekara bakwai.

"Wa ya san igiyar sakata ban da ke da kawunki?"

Na buɗe baki in ce babu, sai na tuna kwana biyu ke nan ni ke ɗebo ruwan wankin hoto da kaina. Uwar Ndegwa ba ta zo ba. Shekara shida tana kawo mana ruwa daga kogi ta ƙofar baya kafin mu buɗe, garwa huɗu kullum, kuma babu wanda ya lura da rashinta. Har ni.

Ɗanta ɗaya ne, Ndegwa. A hamsin da uku ya yi hoto, sati guda kafin ya shiga daji, bai dawo ya karɓa ba, bai dawo ba ma sam. Sau uku ina ji ta tambayi Kawu, sau uku yana ce mata gilashin ya fashe tuntuni.

Na rufe fuskata da gyale. Na faɗa wa Thuita abin da na yi. A makon da ya wuce tana juye ruwa ta ce, "'Yata, jibi-jibin nan kowa zai fito da nasa, masu rai su yi rawa, matattu a ɗaga hotonsu. Ni me zan ɗaga?" Ni kuma, da ba na magana, ranar na yi. Na ce Kawu ba ya zubar da gilashi, ko fasasshe ne. Ta ce wanne ne na shekarar da aka raba bindigogi. Na nuna mata da haɓa.

"To," Thuita ya ce. Ya mayar da ganyen.

"Tun jiya ka sani."

"Tun jiya."

"Me ya sa muka je wurin babana? Da Wachira?"

"Ina roƙon Allah ya ba ni wani ɓarawon." Ya dafa sandarsa ya miƙe da ƙyar. "Akwai ƙofar da shekara takwas nake zagaye ta, Iya. Ko zuma zan kai kasuwa, sai in bi ta gada."

Ban gane ba. Abin da na sani ɗaya ne, kuma na faɗe shi ina kallon idonsa, abin da ban taɓa yi wa babba ba.

"Jibi za su ƙone babana."

Ya kalle ni har na sunkuyar da kai.

"Ki ce wa kawunki ya tara su gobe da hantsi. Ya bar ƙofar baya a buɗe."

Ranar Laraba ɗakin hoto ya cika. Dattawa uku a kan benci, Wachira da hularsa, samari a bakin ƙofa da taga. Babana ya tsaya shi kaɗai gaban jirgin saman, daidai inda ya tsaya shekara goma da suka wuce. Kawu yana ta goge idon kyamara.

Thuita ya shigo ta baya. A bayansa Uwar Ndegwa ce, a sunkuye, mukwa a goshi, akwatin a bayanta cikin tsumma. Ta juya ta zaunar da shi a kan teburin ado, kusa da rediyo, ta zare igiyar.

Ta ce, "Ga kayanka, Kiragu. Babu wanda ya fashe. Ku bar Gichuhi, wannan karon ba shi ba ne."

Ta dubi dattawa.

"Kwana biyu ina ɗaga su ga rana ɗaya bayan ɗaya," ta ce. "Na ce ko a cikin dubu zan gane ɗana. Amma duk Turawa ne. Fuska fara, hannu fari, gashi fari kamar na tsofaffi. Duk riga ɗaya, duk agogo ɗaya. Na ce ko dai akwatin Turawa na ɗauko." Ta juyo wurin Kawu. "Me ka yi wa 'ya'yanmu a cikin akwatin nan?"

Wani saurayi ya fara dariya, na kusa da shi ya zungure shi.

Ni ce na amsa, na ce mata Maitu, yadda muke kiran uwa. "Haka gilashi yake, Maitu. Baƙi yana fitowa fari, fari yana fitowa baƙi. Sai an wanke a takarda mutum yake komawa kamanninsa."

"To yana ciki?"

Kowa ya dubi Kawu. Ya ajiye tsumman hannunsa.

"Yana ciki," ya ce. "Bai fashe ba. Bayan ɗanki ya shiga daji wani jami'i ya zo da sunaye bakwai, ya ajiye bindigarsa a kan teburin nan. Na wanke masa fuskoki bakwai, har da ta ɗanki. Aka manna su a ofishin hakimi. In na ba ki hoton, sai ki tuna inda kika taɓa ganinsa."

"Ban taɓa gani ba," ta ce. "Ba na bi ta ofishin hakimi. Shekara shida ina ɗebo maka ruwa don in kasance kusa da shi, kai kuma kana tsoron abin da ban sani ba. Fito mini da shi."

Kawu ya buɗe akwatin, ya tsaya. Da, kowane gilashi yana cikin takarda mai suna, amma tun lokacin jami'in ya ƙone takardun duka don kada a sake zuwa masa da sunaye. Gilashi ɗari biyu, rabinsu samari a kwat ɗaya. Ya ɗaga ɗaya, ya ɗaga biyu.

"Na manta fuskarsa," ya ce a hankali. "Da gangan na manta."

"Ba ni," in ji Thuita.

Ya ja kujera bakin taga. Ina miƙa masa yana ɗagawa, amma na lura babban yatsansa yana rufe fuskokin. Ƙasan gilashin yake kallo. Takalmin aro, takalmin aro, takalmin aro. Jefi-jefi sai a sami wanda takalmin bai shige shi ba, ya tsaya ƙafa tsirara, Kawu yakan yanke ƙasan in zai wanke. Irin waɗannan Thuita yake daɗewa a kansu. Wajen na ɗari da ashirin ya tsaya.

"Wannan ne."

Na karɓa na duba. Babban yatsan ƙafar hagu ya baje gefe, na kusa da shi ya hau kan na uku. Na dubi ƙasa. Ƙafar Uwar Ndegwa tana nan kusa da tawa, da jar laka a kanta, yatsunta haka suke.

Na kai ta ɗakin duhu, mu biyu kawai. Na kunna jar fitila, na kwantar da gilashin a kan takarda, na ba shi haske na ƙirga goma, na tura takardar cikin ruwan magani. Tana numfashi a kafaɗata. Kwat ɗin ne ya fara fitowa, sai jirgin sama, sai gashi. Sannan idanu. Yaro ne, bai kai ni shekaru ba, yana ƙoƙarin ɗaure fuska irin ta manya amma gefen bakinsa ya ƙi.

"Ga shi nan baƙi," ta ce. "Ga shi nan."

Ta kai hannu, na riƙe mata shi, na ce sai ya sha ruwa na biyu. Muka tsaya a haka. Na ɗauraye shi da ruwan kogin da ya rage a garwarta.

Da muka fito samari sun ragu. Wachira ya tafi. Ta riƙe hoton da hannu biyu yana ɗiga, ta wuce dattawa, ta wuce Kawu, ta tsaya gaban Thuita.

"Kai ba ka san ɗana ba. Ba ku taɓa zama wuri ɗaya ba. A ina ka san ƙafarsa?"

Thuita ya cire bargon kafaɗarsa ya ajiye, kamar mai shirin karɓar bulala.

"Kwana huɗu na bi ta, Uwar Ndegwa. A hamsin da biyar, cikin gora, sama da inda kogin nan ya fito. Soja goma sha biyu a bayana. Sau biyu na karkatar da su, a na uku babbansu ya gane, ya sa mini bindiga a kunne." Ya dubi hoton. "Ban ga fuskarsa ba. Na juya baya kafin su isa. Yau na fara ganinta."

Na ɗauka za ta mare shi, ko ta faɗi. Sai ta tambaye shi.

"Sun binne shi?"

"Sun bar shi. Na koma bayan kwana biyu ni kaɗai. Akwai itacen da nake rataye amya a kai. A gindinsa na binne shi, na jera duwatsu."

"Za ka gane wurin?"

"Ko idona a rufe."

"Gobe da sassafe," ta ce. Ta naɗe mukwa ɗinta, ta fita ta ƙofar baya.

Dattawa suka tashi ba tare da sun yanke komai ba. Babana ne ya rage. Ya matso kusa da akwatin, ya sa hannu a murfin.

"Nawa yana ciki?"

"Yana ciki, Baba."

Na jira ya ce in ba shi. Kawu ma ya kau da kai, kamar mai cewa ba zai gani ba.

"Bar shi," babana ya ce. "Ki zo ki ci abinci."

Ranar Alhamis babu wanda ya je kusa da jinkarsa. Gari ya cika da ganga tun safe, kuma layin masu son hoto ya kai har bakin kasuwa, kowa yana so a ɗauke shi a ranar farko. Kwat ɗin aro bai huta ba. Na fita ƙofar baya zan zubar da ruwan wanki, sai na hango su can sama da gonakin shayi, a hanyar da ta shiga daji. Thuita yana gaba da sandarsa, kansa a ƙasa. Tana bayansa da taku kamar goma. Ta ɗaure hoton a tsumma, ta rataya shi a baya da mukwa, abin da bai kai nauyin ganye ba, amma a sunkuye take tafiya.

Na tsaya har gora ta rufe su. Kawu ya kira ni daga ciki, ya ce gilashi sun taru.